Ƙullin Kawu Ma'aruf

Sunana Sanda, mutumin Yawuri ne ni, kuma na iya ɗaura ƙugiya tun kafin in iya ɗaura tazugen wandona. Shekarata ashirin da shida a garin Greensboro, nan ƙasar Turawa. Na yi aikin ɗaukar kaya a wani sito da ke Wendover har bayana ya ƙi, yanzu ina zaune a gida a unguwar Glenwood, ni da maiɗakina Hajiya Suwaiba da 'yarmu Salwa, wadda ke aikin jinya.

Wanda ya jawo mini wannan magana duka Malachy ne, mutumin Filato, tare muka yi aikin sito. Shi ya ɗauke ni wata Asabar zuwa wani rafi a cikin duwatsu, na ga mutanen ƙasar nan suna fatsa ba tana, ba koto kowane iri. Ƙugiya ce kawai aka naɗe ta da gashin tsuntsu da zare har ta koma kamar ƙwaro, a jefa ta kan ruwa, kifi ya zaci abinci ne ya hadiya. Na karɓi ɗaya na juya ta a tafin hannuna. Aikin da kyau, ban hana ba. Amma ƙarshen zaren da gam suka liƙe shi. Kifi uku ta kama, gashin ya warware.

Da muka dawo na je shagon da muke sayen naman halal a Gate City, na roƙi mai shagon ya ajiye mini gashin zabi. Na zauna na ɗaura tawa, na rufe ta da ƙullin da kawuna Ma'aruf ya koya mini a bakin kogi ina ɗan shekara goma sha ɗaya. Ba gam, ba komai. Malachy ya kama kifi talatin da ɗaya da ita, sannan ta maƙale a reshe ya baro ta can, har yanzu ban tabbata ta warware ba.

Salwa ce ta ce a buɗe tasha a Yutub. Ta sayo fitila da ƙafar ɗora waya, ta share mini kusurwar falo. Duk Alhamis, ranar hutunta, in zauna in ɗaura ƙwaro ɗaya ina bayani da Hausa, ita ta rubuta Turanci a ƙasa. Shekara biyu muna haka. Mabiya suka hau har dubu huɗu da ɗari uku, daga nan suka tsaya cak, kamar motar da mai ya ƙare mata.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ina nuna komai, yadda ake zaɓen gashi, yadda ake kwantar da shi, yadda ake naɗa jiki. Idan na zo ƙulli na ƙarshe sai in juya tafin hannuna na hagu in kare. Daƙiƙa biyar ne. In ɗaga hannu, ƙwaro ya gamu.

Wata Alhamis Salwa ta ajiye wayar a gabana, ta nuna mini wani layi da ke tafiya daidai sannan ya faɗi ƙasa.

"Baba, ka ga nan? Nan ne kake rufe hannu. Nan kowa yake tafiya."

"Su tafi. Sun ga abin da ya kamata su gani."

"In karanta maka abin da suke rubutawa?"

"Karanta."

"Wannan ya ce ya kalli bidiyo sittin don ƙullin nan, ya gaji. Wannan kuma ya ce tafin hannunka ya fi kowa fitowa a tashar, a buɗe masa tasa shi kaɗai."

Hajiya ta yi dariya daga kicin. Ban ga abin dariya ba.

Na yi wa Salwa bayani ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ƙullin nan ba a faɗarsa da baki, ba a nuna shi ga ido. Mai so ya zo ya zauna a gabanka, ya ci abincin gidanka, ka ɗora hannunka a kan nasa ka tafiyar da yatsunsa har su gane. Haka Kawu ya karɓa, haka ya ba ni, kuma ya sa na yi masa alkawari. Ba rowa ba ce. Wanda ya koya da ido zai yi abin da ya yi kama da shi, ya je ruwa kifi ya tsinke masa, ya dawo yana zagin wanda ya koya masa. Na gani da idona a Yawuri.

"To ke ki zauna in koya miki," na ce mata.

"Baba, awa goma sha biyu nake yi hannuna a cikin safa ina neman jijiyar mutane. Ba zan dawo gida in riƙe zare ba." Ta ƙarasa maganar da Turanci, yadda take yi idan ba ta so in amsa.

Abin da ban gaya mata ba shi ne, tun bara hannuna na dama yana rawa da safe. Sai na sha shayi na zauna kamar rabin awa yake natsuwa. Na lissafa waɗanda suka karɓi ƙullin nan daga Kawu, mu huɗu ne. Uku sun rasu, kuma ban ji labarin ko ɗaya ya ba wani ba.

Ana nan, wata Lahadi da rana Malachy ya biyo daga coci, ko kwat ɗinsa bai cire ba.

"Malam Sanda, ka yi suna. Zauna tukuna kafin ka gani."

Ya miƙo mini wayarsa. Wani saurayi ne mai jan gemu, can wata jiha ta yamma. Ya ɗauki bidiyoyina ya rage musu gudu, yana leƙen tsakanin yatsuna hoto bayan hoto, wai ya gano sirrin. Ya yi nasa bidiyon ya sa masa suna Ƙullin Sanda. Mutum dubu ɗari da tamanin sun kalla cikin sati uku.

Na kalla. Ya samu farkon, ya ɓata tsakiya, ƙarshen kuwa ƙirƙirarsa ya yi. Na ɗauko ƙugiya na yi irin nasa a gaban Malachy, na jiƙa shi da ruwan kofi, na ja da farce sau biyu. Ya zame.

"Da sunana," na ce.

"Har da hotonka a kusurwa. Ya yabe ka fa, ya ce kai gwani ne daga Afirka."

"Ya riƙe yabonsa."

"To ai mafita ɗaya ce, tsoho. Ka ɗage wannan tafin naka mai kama da faranti, a ga na gaskiya."

"Kai da ka shekara goma kana cin kifi da ƙwarina, ka taɓa cewa in koya maka?"

"Ni kifi nake so, ba ɗinki ba. Dubi yatsun nan, ko maɓallin riga da kyar."

Salwa ta rubuta wa saurayin. Ya amsa da ladabi, ya ce idan nasa ba daidai ba ne in nuna daidai ɗin, shi zai gyara da murna. A ƙarƙashin bidiyonsa kuwa har an fara samun masu cewa sun gwada ƙullin Sanda ya warware musu a ruwa. Wani ya rubuta cewa ashe tsohon dama ba abin da yake ɓoyewa sai iska.

Kwana uku abinci bai yi mini daɗi ba. Ran Alhamis na ce wa Salwa ta kunna kyamara a fuskata, ba a hannuna ba. Na ce duk mai son ƙullin gaskiya ya zo gidana ranar Asabar ta sama, daga ƙarfe goma na safe. Zai ci abinci, zai zauna, zan koya masa, ba ko sisi.

"Baba, ba a sa adireshin gida a intanet."

"To ta ina za su zo?"

Ta ce su aiko saƙo tukuna ta ba su. Mutum goma sha tara suka aiko. Na ce wa Hajiya ta dafa na mutum arba'in, don wanda zai zo ba zai zo shi kaɗai ba, zai taho da ɗan'uwa ko aboki. Salwa ta ce a nan ba haka ake yi ba, wanda ya ce zai zo ma ba lallai ya zo ba. Na ce ita yarinya ce, ba ta san girman gayyata ba.

Hajiya ta yi shinkafa dafa-duka a babbar tukunyar da muke arowa ranar suna, ta soya kaji takwas, ta yi zoɓo. Malachy ya kawo kujeru ashirin daga cocinsu ya jera a bayan gida. Na sa farar rigata. Na shirya ƙugiyoyi arba'in a faranti, kowace da zarenta.

Ƙarfe goma ta yi. Sha ɗaya ta yi. Duk motar da ta rage gudu a layinmu sai in miƙe, sai ta wuce. 'Yan jami'a suna ta wucewa a kan kekuna suna kallon kujeru. Saƙonni suka fara shigowa wayar Salwa. Wannan yaronsa na da wasan ƙwallo. Wannan bai san tafiyar awa shida ba ce. Wannan yana tambaya ko za a haska kai tsaye ya kalla daga gida.

Na yi azahar na dawo na zauna. Hajiya ta leƙo.

"Malam, in zuba wa kujerun ne, ko su ma sai sun aiko saƙo?"

Wajen ƙarfe biyu Malachy ya ce abincin zai lalace. Ya loda rabi a motarsa ya tafi raba wa ɗaliban cocinsu, ya ce sai gobe zai dawo ɗaukar kujeru.

Bai daɗe da tafiya ba bas ta tsaya a bakin titi, wata tsohuwa baƙar fata ta sauko da sanda da jaka. Ta tako a hankali tana duba lambobin gidaje har ta tsaya a namu.

"Kai ne mai tafin hannun?"

Na ce ni ne.

"Sunana Verna. Na yi kuskuren bas sau biyu. Ina sauran?"

"Ke ce sauran," in ji Salwa.

Shekararta saba'in da huɗu, ta girme ni da shida. Ta yi shekara talatin da ɗaya a masaƙar yadi a garin nan kafin a rufe, aikinta ɗaura zaren da ya tsinke a kan inji. Mijinta ne mai fatsa, ya rasu ya bar mata kayansa, ita kuma ta ƙi bayar da su. Ta ce ta san ƙulli iri goma sha huɗu, kuma tun ganin farko ta san na mai jan gemu ƙarya ne, don zare ba ya kwanciya haka.

Na dube ta. Na kira mutum dubu huɗu ina neman wanda zai riƙe abin nan bayan raina, aka aiko mini da wadda ta riga ni zuwa duniya. Amma ta zo, ta zauna, ta ci shinkafar Hajiya har ta nemi ƙari, barkono yana sa ta hawaye tana ci. Sharaɗi ya cika. Ba ni da bakin cewa a'a.

Muka koma falo. Na ce Salwa ta kashe kyamara ta juya ta bango. Na kafa ƙugiya, na naɗa gashi, Misis Verna ta zauna a kujerata ta kama zaren yadda ya kamata ba tare da an gaya mata ba. Na miƙa hannu zan ɗora a kan nata, sai na tsaya.

Sati guda ina shirin ranar nan, ban taɓa kawo wa raina cewa mace za ta zo ba. Tun da na yi hankali ban riƙe hannun macen da ba muharramata ba, ko gaisuwa a wurin aiki hannu nake sawa a ƙirji. Wannan kuwa ba taɓawa ɗaya ba ce, riƙo ne na minti da minti, yatsa a kan yatsa.

"Me ya faru?" ta tambaya.

Salwa ta yi mata bayani. Tsohuwar ta ɗaga gira.

"Bas uku na hau, malam. Ni da na haifi wanda ya kusa kai ka furfura."

Hajiya ta ce a sa safar hannu. Na gwada ta asibitin Salwa, zaren bai jiyuwa ta cikinta, kamar mutum yana taɓa abu a mafarki. Na ce Hajiya ta zo in kama hannunta, ita ta kama na baƙuwa. Ta nuna mini yatsunta da suka kumbura da amosanin gaɓɓai, ta ce tun asuba take tsaye kan tukunyar mutum arba'in, kada in sake in kira sunanta yau.

Saura mutum ɗaya a ɗakin.

"A'a, Baba."

"Ba koya miki zan yi ba. Aron hannu ne. In tafiyar da naki, ke ki tafiyar da nata."

"Wannan ai shi ne koyarwa."

"Baƙuwa ta ci abincinmu, Salwa."

Ta ja tsaki a hankali, ta ja kujera. Na tsaya a bayanta na ɗora hannuwana a kan nata. Rabon da in riƙe hannun yarinyar nan tun tana firamare ina tsallakar da ita titi. Yatsun sun yi ƙarfi, kuma ba sa rawa ko kaɗan. Nawa ne suka yi, ta ji, ta waiwayo ta dube ni.

Ba zan rubuta yadda ƙullin yake a nan ba. Na tafiyar da yatsunta sau uku, ta tashi ta koma bayan Misis Verna ta tafiyar da nata. Ya zame. Ta dawo wurina. Haka muka yi ta yi, daga ni zuwa ita, daga ita zuwa tsohuwa, tsohuwar tana mita wai a masaƙa da an kore mu duka uku. A karo na goma sha ɗaya Misis Verna ta ɗaura ita kaɗai. Na jiƙa, na ja da farce, na ja da haƙori. Ya zauna.

"Ashe baya yake komawa," ta ce. "Shi ya sa ido ba ya kamawa."

Hajiya ta cika mata jaka da kaji, Salwa ta kai ta gida a mota.

Ran Laraba da hantsi ina shan shayi Salwa ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, abin da ba ta saba ba. Ta ajiye ƙugiya a gwiwata. Ƙwaron bai yi kyau ba, gashin ya karkace. Na duba ƙullin. Na Kawu ne.

"Zan ɗora shi a tasha, Baba. Da hannuna, ba naka ba. Na ce in gaya maka kafin in yi."

"Ban yarda ba."

"Na zauna a gabanka. Shekara talatin ina cin abincin gidanka. Ka ɗora hannunka a kan nawa. Wanne ne ban cika ba?"

"Aro na ce."

"To karɓi abinka." Ta buɗe tafukanta biyu a gabana.

"Kada ki yi mini rashin kunya. Na yi wa mamaci alkawari."

"Kai ka yi, kuma ka cika. Ni ban yi wa kowa ba. Na ƙarya ya kai dubu ɗari biyu da sunanka a kai. Na gaskiya yana hannun mutum uku, ɗaya shekararta saba'in da huɗu, ɗaya kuma hannunsa yana rawa yana ɓoye mini."

"Za su koya da ido su ɓata shi."

"Wasu za su ɓata. Yanzu ai duka ne suke ɓatawa."

Na ce idan ta yi, ta cire sunana daga tashar. Ta ce ba za ta cire ba, za ta sa na Kawu Ma'aruf a sama da nawa. Na kira Hajiya ta yi wa 'yarta magana. Hajiya ta ce ita ba ta shiga, har yanzu akwai shinkafa a firiza da za ta kai mu azumi.

Washegari ta yi shi a ɗakinta, ta rufe ƙofa. Ina falo a kan kujerata, kusurwar da ake ajiye fitila babu komai. Na ji muryarta ta cikin bango tana bayani da Turanci a hankali, tana maimaitawa. Na tashi na fita bayan gida, na zauna har ta gama.

Bayan kwana huɗu ta kawo mini wayar da la'asar. Mutum dubu sittin sun kalla. Mai jan gemu ya sauke nasa, ya rubuta godiya. Mabiyan tashar sun wuce dubu tara. Ba wanda na sani a cikinsu, ba wanda ya taka ƙofar gidana, kuma ba ni da hanyar sanin abin da yatsunsu suke yi a ɗakunansu.

Na sa tabarau na kalla. Na mayar baya na sake. Na ce ta rage masa gudu yadda wancan ya yi mini, na kalla sau biyu a haka, ina bin zaren da ido daga shigarsa har fitarsa. Tana tsaye a bakin ƙofa da kayan aikinta, makullin mota a hannu.

"Akwai kuskure?"

"Zaren da kika zaɓa ya yi kauri."

"Ƙullin nake tambaya, Baba."

Na cire tabarau na ninke, na miƙa mata wayarta.

"Za ki makara," na ce.